Kamfani Ya Kira Ɗana

Kamfani ya aiko a kira masa ɗana. Ni bai kira ni ba.

Matarsa ce ta tsallako titi da hantsi. Ta tsaya a bakin rumfata, ta gaishe ni a gurguje, sannan ta dubi ɗana Dogo. "Babanka na can yana son ganinka." Babanka, in ji ta, alhali ga ni a tsaye da guduma a hannu. Dogo ya kashe inji, ya tura baƙin tabarau saman goshi, ya bi ta. Ƙyauren da muke haɗawa ya bar mini shi kwance, rabi da rabi.

Ni da Kamfani maƙwabta ne tun muna da baƙin gashi. Gidansa da shagonsa suna kallon nawa, titi ne kawai tsakani. Wajen maigida ɗaya muka koyi walda, kuma duk wanda ya san mu ya san na fi shi hannu. Shi ya tafi ya yi wasu shekaru a kamfanin haɗa tankuna, ya dawo da wannan suna da wasu ɗabi'u. Ya yi wa shagonsa rajista. Ya kafa allo mai lambar waya. Abin da ya fi ba mu dariya kuwa, ranar da ɗansa Auta ya iya riƙe wuta, sai ya yanka masa albashi. Duk ƙarshen wata, ta banki, kamar baƙo.

"Ɗanka ne ko leburanka?" na tambaye shi a gaban jama'a.

"Duka biyun," ya ce.

"To ka riƙa cire kuɗin nonon uwarsa."

Aka yi ta dariya. Shi ma ya yi.

Ni haka na taso, haka na rene Dogo: ɗa ba ya karɓar albashi a hannun ubansa. Abin da ke shagon nasa ne. Na ciyar da shi, na yi masa aure, na gina masa ɗaki. Har yau ban ga inda na kuskure ba.

Sai aka ji wata ƙasa tana neman masu walda. Yaran suka nema tare. Aka gwada hannunsu, Dogo ya wuce Auta, ba na kusa ba. Ranar da suka koma ofishin masu ɗaukar aikin, Dogo ya dawo ya zauna kan benci, bai ko cire takalman fita ba.

"Sun ce me?"

"Sun ce ban taɓa aiki ba."

"Kai? Tun ba ka kai tsayin teburin nan ba kake ƙona yatsu."

"Na gaya musu. Matar ofishin ta ce wa ke biyana. Na ce wajen ubana nake, ba biya tsakaninmu. Ta ce aikin da suke ƙirgawa shi ne wanda aka biya mutum, a wurin da hukuma ta san da shi, aƙalla shekara biyu. Nawa taimakon gida ne."

"Taimakon gida."

"Haka ta ce."

"Ka nuna mata hannunka?"

"Ba ta kalla ba, Baba."

Auta ya tafi. Auta da in ya ja walda sai ka ce kaza ce ta bi ta kan ƙarfen ta yi kashi.

Ba a jima ba gidan Kamfani ya sha fenti. Aka kawo masa sabon inji, ɗan ƙarami, wanda ba ya ihu kamar nawa. Da yamma sai ya fito da kujera bakin titi, ya buɗe muryar waya yadda kurma ma zai ji. "Sanyi ake yi? Allah sarki! Ka sa riga biyu." Ni kuma da na ji wayar ta yi ƙara sai in kunna injin goge ƙarfe. Kullum akwai abin gogewa.

"Kai ma ka gaisa da yaron mana," in ji matata. "A gabanka aka haife shi."

"Ina da aiki."

"Kana da ciwo dai."

Daga nan tari ya kama Kamfani. Likita ya ce hayaƙin cikin tankuna ne ya zauna masa a ƙirji tun wancan zamani. Kujerar bakin titi ta koma ciki. Shagon ya rufe. Allon ya fara dishewa. Ba zan ce na ji daɗi ba. Amma na daina kunna injin gogewa da yamma.

Ranar da aka kira Dogo, sai kusan azahar ya dawo. Ya sauke tabarau, ya ci gaba da ƙyaure. Ban tambaya ba. Washegari na wanke hannu na tsallaka.

Ɗakin yana warin magani. Fanka tana juyawa a hankali. Kwalabe a kan ƙaramin tebur, hoton Auta a bango cikin hular ma'aikata. Kamfani ya kwanta a gadon ƙarfe, ya ƙare, sai idanu. Wayar tana kan matashi kusa da kunnensa kamar jariri.

"Ka zo ganin ko na mutu?" ya ce.

"Na zo ganin gadon nan." Na shafa mahaɗin ƙafar gadon da yatsa. "Wa ya yi wannan waldar?"

"Ni."

"Na sani. Ka yi sauri, kada gadon ya riga ka mutuwa."

Ya yi dariya har tari ya tare shi. Matarsa ta ɗaga kansa ta ba shi ruwa, ta harare ni, ta fita.

Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Ka ba ni Dogo."

"Naka bai ishe ka ba?"

"Nawa ya tafi. Shago a rufe yake, amma rajistar tana da rai. Auta zai riƙa biyansa daga can. Ya yi shekara biyu, ya sake nema." Ya huta. "Hannun yaron nan ya fi na nawa. Na sani, ka sani. Kamar yadda naka ya fi nawa."

Tun muna samari nake jiran wannan magana daga bakinsa. Da ta zo, ba ta da ɗanɗano.

"Ɗana ba lebura ba ne," na ce.

"Ai ba kai za a biya ba."

"Shi ya ce me?"

"Ya ce sai abin da ka ce." Ya rufe ido. "Amma ya karɓi makullin shagon."

Na tashi. Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Daga bakin ƙofa na ji ya ce, "Taurin kai ba sana'a ba ne, abokina." Ban juya ba.

Bayan wannan kullum Dogo yana can. Shi ke ɗaga shi, shi ke juya shi, shi ke kai shi banɗaki a rungume. Ni ina wannan gefen ina yanka ƙarfe ni kaɗai, babu mai riƙe mini ɗaya bakin.

Wata rana da yamma Kamfani ya cika. Ina cikin yanka na ji kukan matarsa ya ratsa ƙarar zarto. Na kashe. Titin ya yi tsit. Ta tagarsu na hango Dogo a tsaye bakin gadon, ya miƙa waya da hannu biyu saitin fuskar mamacin. Muryar Auta tana fitowa daga ciki, yana ta kiran "Baba, Baba." Ba zai iya zuwa ba. Hanya da nisa, aikin kuma sabo.

Jama'a ta taru fiye da yadda na zata. Har tsofaffin kamfanin tankuna suka zo, kowa da tarinsa. Dogo ne ya ɗauki gaban makara. Shi ya shiga ramin ya karɓe shi. Da ya fito, ƙasa har gwiwa, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Na tsaya na kalli kukan sosai. Ina so in san yawansa, ko zai rage mini wani abu na ranar tawa mutuwar.

Wani baƙo a gefena ya tambayi na kusa da shi, "Wannan dogon shi ne ɗan marigayin?"

"Ɗansa ne mana. Ba ka ga yadda yake ba?"

Ina tsaye. Ban gyara musu ba.

Da masu gaisuwa suka watse, matata ta ce, "Ka sake shi, Malam. Yana da mata, yana da 'ya'ya. Kai ma ba dawwama za ka yi ba."

"Na riƙe masa ƙafa ne?"

"Ka riƙe masa baki."

Na tashi na bar mata wurin. Amma na sa riga mai kyau na shiga gari, na yi tambaya a inda ake tambaya. Ban gaya wa kowa ba.

Da safe na fito na tarar Dogo ya riga ni. Ya share rumfa. Ƙyauren nan ya gama shi, ya jingine shi da bango, waldar ta kwanta sumul kamar ɗinki. Yana ciro gudumarsa daga ƙusar da take rataye tun yana yaro. Makullin Kamfani yana wuyansa a zare.

"Mayar da ita," na ce.

Ya tsaya.

"Na tambaya. Rajistar nan ba wani abu ba ce. Zan yi. Zan kafa allo. Ƙarshen wata zan biya ka, ta banki, yadda suke so. Ka yi shekarunka biyu a nan. In za ka tafi, ka tafi da sunan shagon ubanka."

A tsallaken titi matar Kamfani ta fito da tsintsiya, tana share ƙarƙashin allon. Ba ta dube mu ba.

Dogo ya durƙusa a gabana, gudumar a kan cinyarsa. Kansa a ƙasa.

"Baba, tun ina yaro kake ce mini ɗa ba ya miƙa wa ubansa hannu a ƙarshen wata. Ya zauna mini. A can zan iya miƙawa. Shi ba ubana ba ne."

"Ni na kafa maganar. Ni na janye ta."

Na dubi ƙusar. Gudumar ta bar tabonta a jikin katako, fari, daidai siffarta.

"Na ce zan biya ka."

Ya miƙe a hankali, ya rataya tabarau a wuya kusa da makullin.

"A'a, Baba," ya ce. "Daga hannunka, ba zan karɓa ba."