Keken Uwar Haƙuri

Injiniya ya sauko da keken daga bayan mota da hannu biyu, yana tafiya a hankali kamar wanda ya ɗauko jariri daga wanka. Rana ba ta gama fitowa ba, amma filin ajiye motocin da ke bakin tafkin ya cika da 'yan gasa. Wasu na busa taya, wasu na miƙa.

"Yi a hankali, kada ka tashe shi daga barci," in ji ƙanwar matarsa, tana jingine da motarta.

Matarsa, wadda shi da kowa suke kira Malama, ta zagaya keken tana shafa shi da yatsa. Yau za ta shiga gasar nan mai hawa uku, wato iyo a tafki, sai tseren keke, sai gudu a ƙasa. Ita ce kuma ta ƙarshe a gare ta. Tun da bayanta ya fara ciwo likita ya so ta daina, da ƙyar ya yarje mata wannan ɗayar. Ba kofi take nema ba. Burinta kawai ta tsallake layin ƙarshe da ƙafafunta, ta yi sallama da abin da ta fi so tun tana budurwa.

Keken kuwa, wanda Injiniya ya ƙera mata da kansa, a faɗi gaskiya, ya yi kyau. Injiniya a kamfanin ƙera manyan fankoki yake aiki, kuma ba abin da ya sani a duniya kamar halin iska. Bututun gangar keken ba zagayayyu ba ne irin na sauran kekuna, sun yi kumburi ta gaba sun tsuke ta baya, yadda iska za ta zame ta wuce ba tare da ta yi gardama ba. Wayoyin birki duk ya cusa su ciki. Kan keken kuma, inda ake ɗora gwiwar hannu a kwanta, ya zuba shi tare da gangar, ƙasa sosai, babu noti ko ɗaya da za a kwance a ɗaga shi, domin a wurin Injiniya kowane kan noti abokin gaba ne.

Shekaru ya kwashe yana wannan aiki a garejin gidansu, gaban wata ƙatuwar fanka, da zaren ulu manne a jikin bututun don ya ga inda iska ke hargitsewa. Da farko Malama ce ke hawa ta sunkuya yana aune-aune. Da zaman ya ishe ta, ga takardun ɗalibai na jiran maki, sai ya yi mutum-mutumi da soso da filasta daidai jikinta, daidai yadda take kwanciya a kan keke a lokacin. Malama ta raɗa masa suna Uwar Haƙuri, wai don ba ta taɓa cewa wuyanta ya gaji ba. Daga nan Uwar Haƙuri ta karɓi aikin. Sai jiya da yamma fenti ya bushe, saboda haka Malama ba ta taɓa hawa keken ba tun da aka kammala shi.

"Bari in ɗana," in ji ta.

Ta hau, ta taka feda ta bi ta tsakanin motoci. Da ta kai ƙarshen filin ta juyo, ta sauke gwiwar hannunta a mazauninsu. Injiniya na kallon bayanta, yana jiran ya ga ya shimfiɗe yadda ya saba gani a gareji. Bai shimfiɗe ba. Ya tsaya a rabi, ta cije leɓe ta ƙarasa da shi da ƙarfi. Da ta tsaya a gabansu, hannunta na dama ya tafi ƙugunta da kansa.

Shi ne fa ya riƙa kai ta asibiti da kansa. Shi ya sayo mata kujera mai tsayi, shi ya ɗaga mata teburin guga don kada ta riƙa duƙawa. Amma bai taɓa haɗa wannan bayan da wanda ke gaban fankarsa ba, ko sau ɗaya.

"Ba a ɗan ɗaga kan?" ƙanwar ta tambaya.

"Ba ya ɗaguwa."

"Ko kaɗan?"

"Zubi ɗaya ne."

Ƙanwar ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta juya ga yayarta. "Yaya, tsohon kekenki yana cikin motata. Na sa an gyara birkinsa. Ki hau abin da jikinki ya sani."

"Ke dai ba ki da kirki," Malama ta ce tana dariya. "Bawan Allah ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gareji, sai in bar masa kaya a mota?" Ta juyo gare shi. Dariyar na nan, amma idonta tambaya yake yi da gaske. "Baban yara, kai me ka gani?"

Kalma biyu ta isa. Ya ce hau tsohon, shi ke nan. Ya buɗe baki da niyyar faɗin haka, sai rana ta fito ta bugi gefen gangar keken, wurin da ya fi shan wahalar gogewa, ya ga wasu samari biyu sun tsaya suna nuna shi da baki.

"In kin ɗumama jiki zai saki," ya ce. "Iyon zai buɗe miki baya."

Ya san ba gaskiya ba ne tun maganar ba ta gama fita ba. Malama ta ɗan dube shi, ta ce, "To," ta tura keken zuwa wurin jera kekuna.

A ruwa ba ta da matsala. Ta fito cikin na gaba-gaba a rukunin shekarunta, ta haye keke ta ɓace. Hanyar zagaye ce, za su riƙa wucewa ta gaban 'yan kallo, don haka Injiniya ya samu wuri jikin shinge ya tsaya.

A zagayen farko ta wuce a kwance, kai ƙasa, keken na yanka iska ba ko ƙara. Ta wuce mata biyu a gabansa kamar suna tsaye. Injiniya ya daka tsalle ya yi ihu, mutum mai furfura, har hularsa ta faɗi. Daɗin da ya ji a wannan lokacin bai taɓa jin irinsa ba, kuma wannan daɗin ne zai fi damunsa daga baya.

A zagaye na biyu ta wuce a zaune, ta riƙe gefen kan keken, ƙirjinta na tare iskar nan duka da ya yi shekaru yana kauce wa. Ko a hakan kan ya yi mata ƙasa. A na uku ba ta dubi inda shi da ƙanwarta suke ba.

Da Malama ta shigo wurin sauya kaya, ta tsayar da keken amma ta kasa ɗaga ƙafa ta sauka. Sai da wasu ma'aikatan gasar biyu suka riƙe ta. Ta sa takalmin gudu a zaune, ta ƙi yarda a taimaka mata ta ɗaure igiyar. Ta miƙe a duƙe, ta yi 'yan taku zuwa ƙofar fita, ta tsaya, ta sake gwadawa. Daga nan ta zauna a kan ciyawa, ta kwance lambar gasar da ke ƙugunta ta miƙa wa ma'aikacin da ke kusa. Sauran 'yan gasa na ta wucewa ta gefenta da gudu.

Aka bar Injiniya ya shiga. Ya tsaya a kanta da keken a hannu, domin wani ya miƙo masa shi kuma bai san inda zai ajiye ba. Ya so ta yi masa faɗa. Ya so ta ce wani abu mai zafi da zai iya riƙewa. Ita kuwa numfashi kawai take mayarwa, tana kallon hanyar gudun.

"Malama," ya ce.

"Zagayen farkon nan fa," ta ce ba ta dube shi ba, "ban taɓa gudu irinsa ba. Ka iya aikinka."

Wata doguwar mata sanye da rigar masu horar da 'yan wasa ta matso, idonta a kan keken. Ta tsuguna ta leƙa ƙarƙashin gangar, ta bi wurin da kan ya haɗu da ita da yatsa.

"Sannunku. Wane kamfani ne ya yi wannan?"

"Maigidana ne ya ƙera shi da hannunsa," in ji Malama daga ƙasa, har da ɗan alfahari a muryarta.

"Kai, madalla! Amma wannan sai mai baya kamar roba. Da gani dai mutum ɗaya aka auna aka yi wa shi. Na wace ce?"

Injiniya ya dubi matar, ya dubi keken. Malama ce ta amsa, a hankali, ba tare da wani ɗaci ba.

"Na wata ne da ya sani a da."

Matar ta gyaɗa kai, ta ƙara yaba aikin, ta wuce. Injiniya ya kwantar da keken a kan tsakuwa, ta gefen fentin, ya durƙusa ya fara kwance wa matarsa igiyar takalmi.