Furanni a Wuyan Ɗan Dako

Tirtha bai gama ɗaga ƙofar shagonsa ba Phulmaya ta sunkuya ta shige ta ƙasa, takarda a hannu, tana haki.

"Ƙanena, karanta min. An ce yau ce rana ta ƙarshe."

Shagon na kwafin takardu ne, a bakin tafkin Pokhara, amma tun bara irin wannan takarda ce ke kawo masa mutane. Masu masaukin baƙi da masu kai Turawa hawan dutse duk halinsu ɗaya: su ga hoton dutse a intanet, su kwashe su manna a shafinsu. A ganinsu dutsen nasu ne, wa zai sayar musu da shi? Sai wasiƙa ta faɗo daga kamfanin hotuna na ƙetare, ido ya raina fata, a garzayo wurin Tirtha mai jin Turanci.

Ya karanta. Kuɗin da suke nema ya fi abin da ɗakunan baƙinta huɗu ke kawowa a shekara. In ba ta amsa yau ba, za su sa a rufe shafinta, ga lokacin baƙi ya ƙarato, kuma ta shafin nan kaɗai suke samun ta.

"Yaya, tun yaushe takardar nan take hannunki?"

"Ta kwana biyu. Na ajiye ta wurin addu'a, ko za ta huce."

"Ai kuwa ba ta huce ba. Zauna. Mu fara sauke hoton, sannan in rubuta musu su kawo shaidar nasu ne, mu roƙi ragi. Doka ɗaya gare ni: ba a faɗa musu kalma ɗaya da ba su tambaya ba."

Ya buɗe shafin. A hoton, hanya ce cikin dusar ƙanƙara, wani ɗan dako ya juya baya yana hawa, kwandon gora a gadon bayansa, igiya a goshi, jar hula a ka. An zana masa sarƙar furanni ruwan lemo a wuya.

"Kai! Wa ya yi wannan aikin? Shi ya sa suka ninka kuɗin. Sun ce an taɓa musu hoto."

"Ɗana ne ya zana, daga Katar. Ya za a yi a kafa hoton mamaci babu furanni?"

Tirtha ya janye hannunsa daga kan na'urar.

"Mijina ne, Harka," ta ce. "Ni na saƙa hular nan. Dubi yadda yake jefa ƙafar hagu."

Kowa a unguwar ya san mijinta Harka ya tafi kai kaya bayan duwatsu, ƙanƙara ta rufta masa, ba a ga gawarsa ba. Katinsa mai hoto ma da shi ya tafi, babu hotonsa ko ɗaya a gidan. A al'adarsu kuwa, gidan da aka yi rashi, hoton maigida ne ke fara tarbar baƙo, da furanninsa. Da ɗan ya ci karo da wannan a intanet sai ya kafa shi a bakin shafi, tunda nan ce ƙofar gidansu ta yanzu.

"Yaya, in ba mu sauke shi ba babu maganar ragi."

"In cire shi daga gidansa? Su suka haife shi? Su suka ba shi shinkafa? Ya ɗauki kayansu har ya mutu, yanzu bayansa ma nasu ne?"

"Ba shi suka mallaka ba, hoton suka mallaka."

"To ni da wanne aka bar ni?"

Tausayinta ya cika shi, haushin kansa ma ya kama shi, shi da yake taƙama babu wasiƙar da ta gagare shi. Ya aika aka kawo shayi, ya huce ba ta taɓa ba. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya tuna mata ɗakuna huɗu da ɗan da ke ƙonewa a zafin ranar Katar. Ta kifa kai a kan teburin ta yi kuka mai isarta.

Can ta ɗago. "Sauke shi. Amma bari in juya baya tukuna."

Ta juya, ya sauke. Ya rubuta wasiƙar yadda ya saba, gajera, babu amsa laifi, ya fassara mata.

"Ƙara layi ɗaya," ta ce.

"Na gaya miki dokata. Duk abin da kika ƙara, da shi za su ɗaure ki. In sun gane kin damu da hoton, ragin ya tafi."

"Na ji. Mai ɗaukar hoto ai ba ɗaya yake ɗauka ba, na ga yadda suke yi. Tambaye su ko suna da wanda ya juyo da fuskarsa. Ko nawa ne."

Tirtha ya dube ta, ya dubi wasiƙarsa da ta tsaru tsaf. Ya sauko ƙasan shafin ya fara bugawa.