Jan Fenti a Katangar Rahama

Ga abin da rahoto ya ƙunsa: a farkon damina, malamai biyu daga sashen nazarin agajin gaggawa na wata jami'a sun gudanar da bincike a unguwar Kilomita Biyar, domin gano waɗanda za a fara ceta idan ambaliya ta auku, jama'a kuma sun ba da haɗin kai. Rahoton bai ambaci Rahama mai sayar da atamfa ba.

Da hantsi suka yi mata sallama. Shugabarsu, Dakta Nuriyya, tana karanta tambaya da Faransanci, abokin aikinta yana juyawa zuwa yaren Sango. Mutum nawa ke kwana a gidan? Ƙofar fita nawa ce? Akwai wanda ba ya iya gudu?

Rahama ta waiwayi ƙofar ɗaki. Mahaifinta, Malam Sharfaddeen, yana kwance a ɗaki, shekara uku bai taka ƙasa ba. Lokacin rikici ma an so sanin waɗannan amsoshi, sai dai masu tambayar ba da takarda suka zo ba, da makamai suka zo.

"Kowa lafiyarsa ƙalau, Madam," ta ce.

Dakta ta dubi keken guragu a tsakar gida, ta yi murmushi, ta rubuta.

Bayan tafiyarsu Rahama ta ga jan da'ira a katangarta, fentin bai bushe ba. Ta bi layi tana duba katangu. Akwai a gidan 'Yargoggo makauniya. Akwai a gidan Ango mai shanyewar ɓarin jiki.

"Mairo, naku fa?" ta tambayi maƙwabciyarta.

"Babu. Mu da muke da samari huɗu…" Sai Mairo ta kama baki.

Rahama ta tari mai kura, suka ɗora tsohon, ta lulluɓe shi da atamfa.

"Ke, ni dilar kaya ce?" in ji shi.

"Baba, don Allah ka yi shiru mu wuce kasuwa."

"In mutuwa ce, ki bar ta ta same ni a gadona."

"Ba yau ba, Baba."

Duk babur da ya rage gudu a gefensu sai ta ƙara ja masa atamfar, har suka isa gidan yayarta a unguwar Yakité. Maƙwabta sun gani, kowa ya ɗauki tsohonsa.

Washegari malaman suka dawo don yin bayanin cewa jan da'ira na nufin nan masu ceto za su fara tsayawa. Suka tarar da gadaje wayam. Da suka ji cikin minti arba'in aka kwashe tsofaffin, sai suka rubuta cewa unguwa a shirye take.

Abin da lamarin ya ci: tsofaffi goma sha ɗaya, kwana tara a gidajen dangi, atamfa turmi biyu da tayar kura ta yaga, fatar gwiwar hannun Malam Sharfaddeen. Katanga goma sha ɗaya an kankare da wuƙa. Alamar ceto da ta rage kafin ruwa ya sauka: babu.