Dogon Madubin Maikano

Bayan sallar lisha ne Maikano ya fara jin ƙarar. Yana zaune a ɗan lambunsa na bayan gida, ya jingina da katanga, sai ya ji wani abu daga gidan maƙwabcinsa Sada ya yi ƙiiit, ya ɗan tsaya, ya sake yin ƙiiit, sannan ƙwas. Ba kukan gyare ba ne, ba kuma wasa wuƙa ake yi ba. Ya fi kama da a ce ƙarfe ne yake hamma. A Birnin Kudu ba a saurin tsorata da ƙara, don akwai duwatsun da in ka ƙwanƙwasa su sai su amsa maka kamar kuge, amma wannan ba ta cikin waɗanda aka sani. Matarsa Barira ta ce ƙila aljanun tsamiya ne suka koyi ƙira, ya shigo ya kwanta.

Da gari ya waye magana ta fito. Sada, wanda yake kai fatu Kano, ya dawo da wani bututun tagulla mai gaɓa-gaɓa, da ƙwayar madubi a kowane baki. In aka ja shi sai ya miƙe, in aka tura ya shige cikin kansa, kuma rairayin hanya da ya shiga gaɓoɓin shi ke sa shi kuka. Wai in ka kafa ido a ƙaramin bakin, abin da ke nesa sai ya taso ya tsaya a gabanka.

Maikano ba shi da sarauta, gonarsa ma ba ta kai a yi maganarta ba. Abin da yake da shi ido ne. Shekara da shekaru, ranar da ake duban watan azumi, shi ke gaba a kan dutsen da ke yamma da gari, manya da malamai suna bayansa. Liman Salihu ba ya ko wahalar da wuyansa, jira yake kawai ya tambaya ko Maikano ya gani. In ya ce ya gani, a buga ganga, gari ya tashi da azumi. Har karin magana aka yi da shi: in abu ya ɓace a kasuwa sai a ce a nemo idon Maikano. Abin da bai gaya wa kowa ba, har Barira, shi ne tun damina ya fara ganin wani hayaƙi-hayaƙi a gefen idonsa na dama.

Kullum da magariba ta wuce sai ya ji muryar Sada ta bayan katanga: “Za a hau sama!” Haka al'ada take, duk namijin da zai hau soro ko itace ko katanga a cikin gari sai ya yi wannan kira, don matan maƙwabta su kimtsa ko su shige ɗaki. Barira ta kwashe kayan kaɗinta ta shige tana gunaguni. Sai a ji takun mutane a kan soron Sada, sai ƙiiit, sai salati. Da safe a zo ana ba da labari a bakin masallaci. Wai ashe wata fuskarsa duk zanzana ce, kamar wanda ya tashi daga ciwon agana. Wai Kaza da 'ya'yanta, da muke ƙirga 'yan tsakinta da yatsun hannu, ashe garke guda take ja. Ni wannan na kazar ya fi tsaya mini a rai, don na sha tunanin ina take samun tsabar da za ta ciyar da su.

Maikano ya ƙi zuwa. Ya ce a gaban jama'a wanda Allah ya ba ido ba ya leƙen sama ta cikin kara kamar ɓera a rumbu. Sada bai ji haushi ba, shi ne ma abin da ya fi ciwo. Wata rana ya leƙo zaure yana dariya ya ce, “Baba Maikano, ka zo ku gaisa da wata mana. Jiya sai da ya tambaye ni ko lafiya bai gan ka ba.”

“Ka ce masa mun saba tun ba a yaye ka ba,” in ji Maikano.

An yi dariya, ya ji daɗi na ɗan lokaci. Amma da Sha'aban ya kama, Liman Salihu ya faɗa bayan sallar Juma'a cewa bana a hau dutse da madubin Sada, tunda Allah ya kawo sauƙi. Bai ambaci sunan Maikano ba ko da kuskure.

A bakin masu jakuna ya ji cewa mutumin da ya sayar wa Sada madubin yanzu yana Gwaram. Haladu sunansa, dillalin wani Balaraben Gadamus. Sun kawo madubban ne don masu tsaron iyaka su riƙa hango mahayan Ningi tun suna nesa, biyu sun yi kwantai. Maikano ya ce wa Barira zai je gaisuwar rasuwa garin Sara, ya ɗaura wa jakinsa akumari.

Haladu ya shimfiɗa su a kan buzu a masaukinsa. Ɗaya gajere, bai wuce kamu ɗaya ba in an miƙe shi, an naɗe shi da baƙar fata. Ɗayan kuwa sai da mutum biyu suka ja shi, ya kusa tsawon tabarya, da wani rubutun da ba na Larabci ba a jikinsa. Haladu ya ce daga jirgin ruwan teku ya fito. Ya tambayi Maikano daga ina zai riƙa dubawa, kan soro ko fili. Maikano ya ce ɗan lambu ne, katanga ta kewaye shi, ga tsamiyar maƙwabta ta cinye rabin sama.

To, gajeren ne nasa, in ji Haladu. Yana da haske, yana ɗaukar sama da faɗi, hannu ɗaya ya riƙe shi, a matsattsen wuri mutum ya juya da shi yadda yake so. Dogon yana kawo abu kusa ƙwarai, amma ƙofarsa kamar kafar allura take, kafin ka sami abin da kake nema ka gaji, kuma ko numfashi ka yi sai ya yi rawa. Sai da gwafa da fili.

Maikano ya ɗaga gajeren ya duba. Wata kuka can bayan ganuwa ta taso, har ya ga hankaka a kanta yana gyaran fiffike. Hayaƙin idonsa ma kamar ya janye. Zuciyarsa ta so shi nan take. Ya ajiye shi a hankali ya ce, “Na mutumin Birnin Kudu fa, wanne ya fi kama da shi?”

“Tsakaninsu yake. Ya fi wannan, bai kai wancan ba.”

“Naɗe mini dogon.”

“Baba, wata za ka duba, ko maƙwabci za ka auna?”

Jakinsa Maikano ya bari a Gwaram a madadin kuɗin dogon. Ya dawo a ƙasa, abin naɗe cikin tabarma a kafaɗa, ya shigo gari da duhun magariba don kada a tambaye shi. Barira ta dubi tabarmar, ta dubi turken jaki, ta ce ashe mamacin na Sara gado ya bar masa.

Lambun Maikano, in ka shimfiɗa tabarma huɗu ka rufe shi. Akwai lalle a kusurwa, da kunyar albasa, da gwanda guda da ba ta taɓa haihuwa ba. Saman da ake gani daga ciki bai fi faifai ba. Nan ya riƙa gwada madubin a ɓoye, ya shafa wa gaɓoɓin man shanu don kada su yi kuka Sada ya ji. In ya ɗaga shi gindin ya doki katanga, in ya karkata bakin ya shiga gwanda. Ya kafa gwafa, ya kwanta rigingine cikin albasa. Baƙi kawai yake gani, sai can wani tauraro ya gilma yana wutsil-wutsil kamar talibambam ya ɓace. Ta bayan katanga kuwa ana ta salati. Wani dare ya tuna gajeren da hankakansa, ya ji kamar ya tashi ya kama hanyar Gwaram, sai ya tuna ba jaki.

Ranar duban wata ta zo. Tun la'asar sakaliya maza suka bi Sada zuwa dutse, yana gaba da madubinsa a hammata, a inda Maikano ya saba tafiya. An aiko a kira Maikano, ya ce ƙafa ke ciwo. Ba zai je ya tsaya a bayan Sada ba, ba kuma zai fito da kara a gaban mutanen da ya yi wa ba'ar kara ba. So yake ya gani shi kaɗai, ya riga su, ya ce da idonsa ya gani.

Amma jinjirin wata ƙasa-ƙasa yake tsayawa a yamma, kuma yammacin lambun katangar Sada ce. Ya jingina tsani. Ya sa ƙafa a matakin farko, kiran ya zo masa har baki. In ya yi shi, matan gidan Sada za su ji, kafin lisha gari ya san Maikano ya hau katanga da bututu. Ya haɗiye. Barira tana bakin ƙofar lambu tana kallonsa, ta buɗe baki za ta yi kiran a madadinsa, ya harare ta.

Ya ɗora madubin a kan katanga ya kafa ido. Ja kawai yake gani, sai reshe, sai ja. Hannunsa ya gaji, nauyin gaban ya rinjaya, bakin ya sunkuya. Sai ga kan mace ya cika masa ido, ba ɗankwali, rabi a tsefe rabi a kitse, har yana ganin tsagar. Matan gidan ne suke kitson azumi a tsakar gida, tunda maza duk sun fita. Ya fizge fuskarsa da sauri ya ɗaga kai sama.

Ga shi nan. Siriri kamar yankan farce, a saman ɗorawar hanyar Kangire, ƙahonsa ɗaya ya ɗan karkata kudu. Da idonsa, na hagu da na dama duka, ba madubi. Ya daɗe yana kallonsa, har ƙwalla ta taru masa. Da ya sauke ido, Inna A'i, mahaifiyar Sada, tana zaune a bakin ɗakinta tana tsince gero, shi take kallo. Ta juye geron a ƙwarya, ta kifa faifan a kanta.

Bayan magariba mutane suka dawo jiki a sanyaye. Ba wanda ya gani. Kowa ya tsaya jiran a miƙo masa madubi, wannan ya ga jemage, wancan ya ga reshe, har jan ya dushe ba wanda ya dubi sama da idonsa. Sada ya shiga gida ya ajiye kayansa. Sauran suka tsaya a ƙofar Maikano, ƙafa ce ta kawo su don sabo. Liman Salihu ya yi gyaran murya, ya tambaya a kunyace ko Allah ya sa ya gani.

Da ya yi shiru, da gari ya cika Sha'aban talatin, ba wanda zai san komai. Amma ya gani, kuma ɓoye shaidar wata ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma fuskokin nan duka sun juyo gare shi kamar da.

“Na gan shi,” in ji Maikano. Ya faɗi inda ya tsaya da yadda ƙahonsa ya karkata.

Liman ya yi hamdala, wani har ya juya zai kira mai ganga. Sai Sada ya fito daga zaurensa a hankali, inuwar tsohuwa tana tsaye a bayansa. Ba dariya a fuskarsa yanzu. Kowa a wurin ya san shaidar mai leƙen gidan mutane ba ta karɓuwa, ko a kan akuya balle a kan wata.

“Baba Maikano, ka ce ƙafa ta hana ka fita. Lambunka kuwa na san shi, katangata ce ta rufe masa yamma, kuma mutanen gidana ba su ji an yi kira ba. A ina ka tsaya ka gan shi?”

Liman ya dubi Maikano. Mai zuwa kiran ganga ya tsaya da ƙafa ɗaya a gaba. A cikin gida, Barira ta daina daka.