Jini Mai Maiƙo

Man da ke cikin kaskon Hindatu ya yi baƙi ƙirin, amma tun da yana iya soya awara, ba ta zubar ba. Tana tsame ta ƙarshe a ƙofar firamaren unguwarsu a Talata Mafara aka ce ana kiranta ciki. Ma'aikatan lafiyar da suka ɗebi jinin ɗalibai kwanakin baya sun dawo da sakamako.

Malama Rhoda, ma'aikaciyar jinya, ta ba ta kujera, ta yi mata ban gajiya da ya kasuwa, sannan ta ce jinin 'yarta Husna ya yi maiƙo da yawa.

"Alhamdu lillahi," in ji Hindatu, fuskarta ta washe. "Ai ba ni barin ɗiyar ga ta ci abu gaya."

Tun da tamowa ta ɗauke mata Mubarak, ɗanta na fari, daga shi sai ƙashi da fata, ta yi wa kanta alkawari. Duk awarar da ta fashe ta Husna ce. Man shanun da ƙanwarta ke aikowa daga Tsibiri a tuwon Husna yake narkewa. In maƙwabta suka ce yarinya ta yi kumatu kamar 'yar ma'aikata, har cikin ranta take jin daɗi.

Rhoda ba ta yi murmushi ba. A hankali ta yi mata bayani cewa wannan maiƙon ba na lafiya ba ne. Taruwa yake a hanyoyin jini, wata rana ya wahalar da zuciya. Ta ce a rage wa Husna suya, musamman da man da aka yi ta maimaitawa.

"Maman Husna, ba ita kaɗai ba ce fa. Akwai wasu a ajinsu."

Hindatu ta juya ta dubi taga. Ta san su duka. Ta san wanda ke son awararsa da yaji da yawa.

* * *

Washegari ta dafa wa Husna wake da zogale, ba ɗigon mai. Yarinyar ta yi ta juya cokali, can ta tambaya ko wani laifi ta yi.

"Ci dai, ɗiyata."

Sannan Hindatu ta ɗauki galan ɗin baƙin man, ta buɗe, ta tsaya da shi a bakin kwata har hannunta ya sage. Babu wani man a gidan. Ta mayar da murfin, ta ɗora kasko a ka.

Kafin ta isa makarantar, yara sun riga sun ja layi.