Motsi na Arba'in da Ɗaya

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma a jirgin nan namu mai ratsa taurari babu wanda ya taɓa cina a Ƙawanya. Ku tambaya ku ji. Ni ne ɗakin inji ya fashe da mu mutum tara, na fito ni kaɗai da ƙafata, da yatsu takwas.

Ƙawanya allo ne zagayayye mai zobe uku. Kowa yana da soja goma da matuƙi ɗaya, kuma duk motsin da aka yi, zoben tsakiya sai ya juya gida ɗaya. Wanda aka kewaye matuƙinsa ya faɗi.

Shekara ashirin ke nan muna kan wasa ɗaya da ƙanena Gajere. Shi yana ɗaya jirgin, wanda ya rabu da namu ya kama wata hanya. Aika saƙo yana cin wuta, don haka hukuma ta hana wasiƙa tsakanin jiragen, sai motsin 'yan gasa kaɗai. Kafin nawa ya je nasa ya dawo, wata shida. In ya iso, na san ɗan'uwana yana numfashi.

Rannan surukata, mai aiki a ɗakin saƙo, ta kawo mini motsinsa na arba'in. Na ɗora a allo, kallo ɗaya na yi. Sakaran ya bar ƙofa a hangame. Sojana ɗaya ya matsa, an tashi wasa.

"Baba, ai ka ci shi," in ji ta. "Kawo in aika, a rataya hotonka a zauren taro."

"In na ci, sai me?"

Ta ce, "Sai a ba wasu layin saƙon."

"To, kin gani."

"Ka yi kuskure da gangan mana."

"Ke ba ki san na'urar alƙalanci ba? In ta ga an zubar da ci, sai ta soke wasan. Ni kuma a ce na yi kuskure? Allah ya sauwaƙe."

Kwana bakwai doka ta ba ni. Na kulle ɗakina, na jingina allon da bututun ɗumi, na yi ta juya zobe har yatsuna suka yi kanta. Ci na kusa ko makaho ya gan shi. Ni ci na nesa nake nema, wanda na'ura ba za ta kira shi asara ba. Masu digiri uku suka leƙo, suka ce babu. Na ce su ja mini ƙofar.

A rana ta shida na gan shi. In na janye matuƙina baya zuwa zoben waje, ci yana nan a hannuna, amma sai bayan motsi talatin.

Surukata ta lissafa da yatsu. "Shekara goma sha biyar ke nan, Baba. Yanzu shekararka nawa?"

"Aikinki aikawa, ba tambaya ba."

Ta shigar da motsin. Na'urar ta daɗe tana gurnani, ni kuwa ina tsaye, ko kujera ban nema ba. Can sai fitila ta kawo kore.

Daga nan ɗakin likita na wuce. Na ce ya ba ni ƙwayoyin nan da ya yi shekara uku yana roƙona in sha, ya kuma nuna mini wacce ce ta safe.