Yadda Baba Tsawa Ya Sayar da Gidan Rediyon da Ba Nasa Ba

Duk wanda ya taɓa kwana a garin nan ya san muryar Baba Tsawa, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Da asuba, kafin gidan rediyon bakin kasuwa ya ce komai, sai an fara sakin wata murya kamar ana jan ganga a kan tsakuwa: "Ku tashi, ragwaye, gari ya waye, kwanciyar ta isa haka."

Tasa ce. Tun yana kamasho a tashar mota marigayi mai gidan rediyon ya ji shi yana kiran fasinja, ya ja shi sama ya ɗauki muryar a kaset. Masu manyan takardu sun zo gidan sun tafi, kaset ɗin yana nan. Shi ma Baban haka. Gobara ta ci rumfarsa ya fito da wandonsa, mota ta bi ta kan ƙafarsa ya tashi ya karɓi kamashonsa, wani likita ya taɓa ce masa ya koma gida ya yi wasiyya, ƙarshe shi ya je jana'izar likitan. Bai taɓa zama a aji ba, amma duk mai digirin garin da tsawarsa ya tashi ya tafi makaranta.

Gidan rediyon ɗaki biyu ne a saman shagon bokitai, matattakalarsa ta katako kuma a waje take, ba mai hawa a ɓoye. Matar marigayi ke riƙe da shi, ana ce mata Uwar Bene. Wata safiya aka ga kafinta ya hau yana auna ƙofar ofis, kafin rana ta take maganar ta gama kasuwa: an sayar da gidan. Masu tumatir suka ce wani baƙo ne ya saya. Teloli suka ce banki ne ya ƙwace. Mai aski ya ce ya ga mai sayen da idonsa, amma ba zai faɗa ba sai ga wanda ya zauna aski.

Baba ya tarar labarin ya riga shi gida. Matarsa na shanya kaya a igiya, ko juyowa ba ta yi ba.

"To, Malam, an ce an sayar da kai."

"Wa ke da kuɗin sayena?"

"Kai ba mai so, ko kyauta. Kaset ɗin nake nufi. Wanda ya saya zai zuba nasa mutanen, a sa wata 'yar gayu ta riƙa yi wa jama'a raɗa."

Baba ya ce ta ji da shanyarta. Amma maganar ta tsaya masa a rai. Mutuwa ba ta taɓa ba shi tsoro ba, sun saba. Shirinsa shi ne ko an binne shi ya ci gaba da tashin garin, har da waɗanda suka ɗauki gawarsa. In aka cire kaset ɗin nan, ya zama tsoho kamar kowane tsoho, mai tari a kan benci.

Wani zai ce ya hau bene ya tambayi Uwar Bene mana. Wanda bai yi tasha ba ke faɗin haka. Baba ya ga shugabannin tasha sun hau sun sauka, ba wanda ya taɓa raba shi da layinsa, don shi ba ya gaida mai fita. Mai shigowa yake ganewa tun kafin a sanar, ya je ya yi masa barka kowa na barci. Ya duba kasuwar sama da ƙasa, ya ga mutum biyu ne kawai ke da cikin haɗiye gidan rediyo: mai katifa da mai magani. Su biyun kuwa ba sa ga maciji, a kan tallar wa za a saka kafin labarai.

Ya fara da mai katifa, ya same shi a kishingiɗe cikin haja.

"Ɗana, na zo barka."

"Barkan me, Baba?"

"Kai dai ka iya ɓoye abu. Tun kana yaro haka kake, ka ci ka goge baki. Gidan rediyo mana. Ni roƙona ɗaya ne, kaset ɗina kada a taɓa."

Mai katifa ya rantse bai ma san ana sayarwa ba. Baba ya yi murmushi, don ya san mai saye ba ya cewa ya saya. Da rantsuwar ta yi yawa sai ya kaɗe riga ya miƙe.

"To in ba kai ba ne, mai magani ne ke nan. Allah sarki. Tallarka ta koma bayan sanarwar rasuwa."

Mai katifa ya tashi zaune.

Mai magani kuwa yana bayan kanta yana ƙulla ƙwayoyi a leda. Shi ma aka yi masa barka, shi ma ya rantse.

"Na yarda da kai, likitan marasa likita," in ji Baba. "Ashe mai katifa ne. Shi ya sa na baro shi yana neman takalminsa."

Mai magani ya bar wata mata tsaye da takardar asibiti a hannu, ya fita.

A gindin matattakala suka haɗu, kowa ya ga abin da yake tsoro. Suka hau kafaɗa da kafaɗa, katako na kuka, kasuwa kaf ta bar ciniki tana kallo.

Ita Uwar Bene gara ce ta cinye mata ƙofa, shi ya sa ta kira kafinta. Ba ta taɓa zaton akwai mahaukacin da zai so gidan da man janareta ke cinye ribarsa ba. Amma mace ce mai kai. Da ta ji abin da ya kawo su, ba ta ce ana sayarwa ba, ba ta ce ba a sayarwa ba. Ta zaunar da ɗaya a ofis, ɗaya a baranda, ta riƙa kai da kawo tana girgiza kai tana cewa, "Ɗan'uwanka fa da gaske yake." Kafin mako ya zagayo mai katifa ya saya, a farashin da ko matarsa bai gaya wa ba.

Kasuwa ta ce ai dama mun faɗa. Mai aski ya ce shi ne dai mutumin da ya gani. Baba ya bi layi layi yana tuna wa jama'a wanda ya fara yin barka.

Ranar da Uwar Bene ke sauko da kayanta ta tsaya gabansa.

"Baba, Allah ya saka. Ni fa ƙofa kawai zan canja."

"Daga ƙofa ake farawa, 'yata," in ji shi, ko gezau.

Washegari da asuba ya kunna rediyo ya ƙure murya don maƙwabta. Sai ga wani kiɗa mai laushi, da wata murya kamar ta mai lallashin jariri: "Ku ƙara juyawa, jama'a, ba ku makara ba."

Matarsa ta ja bargo. "Ka ji abin da ta ce, Malam. Juya."

Da hantsi ya hau benen da gurguwar ƙafarsa. Mai katifa na kan kujerar marigayi yana juyi.

"Baba, ka yi mini adalci," in ji shi. "Katifa nake sayarwa. Shekara da shekaru ina biyan talla mutane su kwanta, kai kana korar su daga kai a kyauta. Yanzu kuma gidan nawa ne, da bakina zan kore su?"

Ya miƙo masa kaset ɗin a baƙar leda. Ya ce bai manta wanda ya fara yi masa barka ba, ya ɗora masa matashin kai sabo fil.

Baba ya sauko da matashi a hammata, kasuwa na kallo. Ba wanda ya yi dariya a gabansa, sai da ya wuce. A gida matar ta karɓe matashin ta ce tun aurensu yau ne muryarsa ta kawo abin amfani.

Da wani tsohon ne, da ya kwanta ciwo. Baba ya kwanta da wuri, ya tashi kafin zakara, ya wanke maƙogwaro da ruwan ɗumi da gishiri, ya tafi bakin kasuwa. Fankar ɗakin watsa shiri ta mutu, saboda haka taga a buɗe take, abin magana kuma dab da ita. Ya tsaya a ƙasa daidai saitinta. Da kiɗan nan mai laushi ya fara, ya cika ƙirji.

"Ku tashi, ragwaye!"

Muryar ta shiga ta taga ta fita ta kowace rediyo a garin. Mai raɗa, sabuwar mai muryar lallashin nan, ta shaƙe. Kaset kuwa abin da aka ɗauka kawai yake faɗa ya yi shiru, amma mai kaset da ransa ba shi da maɓallin kashewa. Baba ya tashi gari, ya gaida direbobi, ya ja kunnen mai aski a kan ƙarya, ya sanar da matarsa cewa matashin nasa ne.

Mai katifa ya sa aka toshe tagar da katifa. Muryar ta ratsa. Baba ya sanar da masu sauraro cewa katifar da tsawar tsoho ke hudawa, su yi tunanin abin da ƙato zai yi mata. Aka ƙara wata a kai. Mai raɗa ta sauko sharkaf da gumi ta ce ita ba burodi ba ce da za a gasa ta. Aka cire katifun. Mai magani, wanda tun da ya rasa cinikin bai yi dariya ba, ya aiko da benci da alawar tari, ya ce duk ta ƙare a zo a karɓa.

Aka kira ɗan sanda. Ya zo ya ga ko wane ne, ya cire hula ya gaishe shi, ya ce shi bai san dokar da ta hana mutum cewa gari ya waye ba, in dai ya waye ɗin.

Wata asuba, Baba na gyara tsayuwa, sai ga mai katifa ya sauko ido ja, ya durƙusa a gefen benci.

"Baba, ina kaset ɗin nan?"

"Wane kaset?"

"Baba, don girman Allah. Mutane sun fara dawo da katifa suna cewa ta yi sirara."

"Ai ka ce ina korar maka mutane."

"Kaset korar su kawai yake, ba ya gaya musu kaurin soso."

Baba ya ɓare alawar tari ya jefa a baki, ya tsotsa a hankali, ya bar shi a durƙushe har masu share kasuwa suka taru. Sannan ya zaro baƙar ledar daga aljihun riga.

"A farko za a saka shi, kafin kiɗa, kafin talla. Ba rage murya."

"Na ji. To gobe ba za ka fito ba ko?"

"In na ji kaina a rediyo, me zai fito da ni? In ban ji ba kuwa, ka dai ga lafiyata."

Mai katifa ya miƙo hannu ɗaya. Baba ya dubi hannun, ya dube shi. Sai mai katifa ya miƙo hannu biyu.